Sau Biyu Na Ajiye Ayashe

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ja mini rai har na ga abin da zan faɗa muku. Wannan babin dominku na rubuta shi, 'ya'yana da jikokina, saboda maganar da ake yi da ni a gidajen suna da na biki ta daɗe tana dawowa kunnena. Wai Inna ta kori ɗiyarta Ayashe ta koma ƙasar Turawa alhali ubanta yana kwance, don kawai a riƙa cewa tana da 'ya a waje. Wasu a bayan idona suke faɗa. Tumba kuwa, ƙanwar Malam mijina, Allah bai yi ta da ɓoye magana ba, a gabana take faɗa tana tauna ƙuli-ƙulina. Ban taɓa tanka mata ba. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, kuma ba na son in tafi in bar muku labarin nan a hannun Tumba.

Sai na koma baya kafin ku gane. Shekaru da yawa ba a kirana da sunana a Bodinga, wabi ake ce mini, wato macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Uku na haifa kafin Ayashe, kuma duk hanya ɗaya suka bi. A haifi yaro tuɓul-tuɓul, a yi suna, a ci tuwo. Da ya kai rarrafe sai hannuwa da ƙafafu su kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya kama wani irin kuka da goyo ba ya tsayar da shi, nono ba ya tsayar da shi. In damina ta sauka da sanyinta abin ya fi tsanani. Wasu suka ce nonona ne ba shi da kyau, wasu suka ce iska ce ta aure ni, wasu suka nuna wata tsohuwa da yatsa suka ce mayya ce, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Malam ɗan kawuna ne, manomin albasa da gero, mutum mai karatu daidai gwargwado da ƙarancin magana. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, amma nakan ga yadda yake daɗewa a gona duk lokacin da kukan ya fara.

Da na sami ciki na huɗu tsohuwarmu ta zo da kanta ta ɗauke ni zuwa gidanmu a Shagari, ta ce a can zan haihu. Na haifi mace, aka raɗa mata Hauwa'u. Washegarin suna da safe tsohuwarmu ta shigo ɗaki ta ce in ɗauko jaririyar. Za mu yi abin da mutanen da suke yi wa ɗan wabi: a kai shi juji a ajiye, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. An riga an shirya da Dudu, wata tsohuwar Bafillatana maƙwabciyarmu, ta laɓe bayan danga za ta tsince ta. Sharaɗin kuma uwa ce za ta ajiye da hannunta.

"Ki aje ta ki juyo," in ji tsohuwarmu. "Kak ki waiwaya. In kin waiwaya kin nuna kina son ta."

Na shimfiɗa zane a kan toka da karan dawa, na kwantar da ita, na juya. Daga jujin zuwa ƙofar gidanmu ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ina jin ta tana ɗan kuka a bayana, wuyana kamar zai karye don son juyawa, tsohuwarmu na riƙe da hannuna tana matsawa. Ban waiwaya ba. Can sai na ji muryar Dudu tana shela.

"Na tsinci ɗiya! Wagga tawa ta, ba ta kowa ba!"

Ta shigo da ita gida ta ɗora mini a cinya, ta ce riƙo ta ba ni, in kula mata da ita. Tun ranar sunan Hauwa'u ya ɓace, Ayashe ya zauna. Da Malam ya ji labari ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce wannan canfi ne, rai a hannun Allah yake, juji ba ya ƙara wa kowa kwana. Gaskiya ya faɗa, ni ma ko a lokacin na sani. Amma macen da aka binne mata uku, in aka ce ta yi abu, yi take yi. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ayashe ta rayu, bayanta Bawa ya zo shi ma ya rayu. Ba zan jera muku makarantun da ta yi ba, kun fi ni saninsu. Yarinya ce mai tambaya kamar an aiko ta, har nakan kore ta daga gindin murhu don in sami sararin soya gyaɗata. Ta karanta harhaɗa magunguna a Sakkwato, daga nan aka kira ta waje ta ci gaba da bincike, ta tafi da mijinta, wani mutumin kirki ɗan Sifawa. Ita ce ta fara gaya mana sunan abin da ya cinye mini 'ya'ya. Ta ce sikila ce, ciwon jini ne da ake gado, ni ina ɗauke da rabi, Malam yana ɗauke da rabi, yaron da ya haɗa biyun shi ke kwanciya. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, ba don komai ba sai don nonona da aka zaga shekara da shekaru ba shi da laifin komai. Ba a daɗe ba Bawa ya yi aure, a lokacin ba wanda ke maganar gwajin jini a unguwarmu, aka haifa masa Rabi. Da ta kai rarrafe hannuwanta suka kumbura. Ban jira likita ya gaya mini ba.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda annobar korona ta lafa aka buɗe hanyoyi. Bayan an kwashe albasa, Malam ya faɗi a bakin rumfar da yake ajiye ta, aka kawo shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ayashe ta ɗauki hutu ta zo. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, ta tsare kowa da lokacin magani har ni sai da ta yi wa faɗa. Ana cikin haka ciwon Rabi ya tashi. A lokacin ta isa shiga makaranta, yarinya mai baki kamar gwaggonta. Aka kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa, aka dawo gida tana ta murƙususu a kan tabarma tana cewa ƙasusuwanta ake sara. Ayashe da duk karatunta ba abin da take iya yi sai gasa mata jiki da ruwan ɗumi, daidai abin da na yi wa yayyenta tun ba a haife ta ba. Na ga ta fita bayan ɗaki ta daɗe, ta dawo ido jajur.

Bawa ne ya fara faɗin abin da ke ran kowa, muna zaune a tsakar gida da la'asar.

"Yaya, shekara nawa kina can kina ba ɓeraye magani? Ga ɗiyata nan, ga Baba nan. In ilmin ga bai yi muna rana yanzu ba, yaushe za shi yi?"

Tumba ta karɓe, ta ce ai ko asibitin Sakkwato za su ɗauke ta da gudu, ta riƙa kwana kusa da ubanta kamar kowace ɗiyar arziki. Ayashe ba ta musa ba. Ta ce ita ma ta gaji, mijinta ya ce duk inda ta zaɓa nan za su zauna. Sai ta juyo ta dube ni.

"Inna, na bar maki. In kin ce in zamna, na zamna. In kin ce in koma, in koma."

Wallahi zuciyata tsalle ta yi. Wace uwa ce za a miƙa wa ɗiyarta a hannu ta ce a'a? Har na buɗe baki. Amma ni mai sana'ar man gyaɗa ce, ban saba sayen buhu ba tare da na zura hannu na ji abin da ke ciki ba. Na ce ba zan yanke hukunci a kan abin da ban sani ba, sai ta gaya mini aikin da take yi a can, da Hausa, ba da wannan yaren nasu da ke sa mutum gyangyaɗi ba.

Washegari ranar matsar mai ce. Na niƙo gyaɗa, ina juya tunkuza a turmi, mai na tasowa yana ƙyalli, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Inna, jikin mutum ɗakuna na ƙanana-ƙanana, ido bai ganin su. Kowane ɗaki akwai rubutu ciki da Allah ya aje, shi ka gaya ma ɗakin aikin da za shi yi. Rabi, cikin rubutun da ka yin jininta, harafi guda na ya sauya. Shi ka sa ƙwayoyin jininta lanƙwashewa kamar lauje, su maƙale cikin jijiya."

"Harafi guda?"

"Guda tak."

Na tsayar da muciya. Kabari uku a bayan gari, da tsohuwar da aka kira mayya, da jujin Shagari, duk a kan harafi guda. Ta ci gaba, ta ce masana sun fara sanin yadda ake rubuta saƙon da zai shiga ɗakin ya gyara harafin. Wahalar ita ce kai saƙon. Abu ne marar ƙwari, in aka zuba shi tsirara a jini, jinin zai yayyaga shi kafin ya je ko'ina, kuma ko ya isa, bangon ɗakunan na kitse ne, ba ya barin sa ya wuce. Don haka sai a naɗe shi cikin ɗigon kitse, ƙarami ƙwarai, wanda sai kusan dubu sun jeru kafin su kai kaurin gashin kai guda. Na yi dariya na ce to ashe aikin da take yi ke nan, abin da muke yi wa yara da man shanu in magani ya yi ɗaci. Na ce ta ɗebi man gyaɗata galan guda ta kai musu, kowa ya huta.

Ita ma ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta. Ta ce man gyaɗa ba ya riƙe saƙon, sulluɓewa yake yi. Akwai kitsen da ke riƙewa gam, amma shi kuma ba ya san saki ba, in ya shiga jini duk abin da ya tarar sai ya kama, ya yi wa jiki lahani. Abin da ake nema shi ne kitsen da ya san lokacin kamawa da lokacin kwantawa. Sai ta tashi ta ɗauko zoɓon da na jiƙa, ta zuba a kwano biyu. Ɗaya ta matsa masa tsamiya, ya ƙara ja wur. Ɗayan ta ɗiga masa ruwan kanwa, nan take jan ya mutu ya koma duhu-duhu.

"Kin gani, Inna? Zoɓon guda na. Wurin da yas samu kai nai shi ka sauya mai hali."

Tun ina yarinya na san kanwa na kashe tsami tana ɓata launin zoɓo, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ce kitsen da suke haɗawa haka yake. In ya ji tsami sai ya farka ya yi kamu kamar maganaɗisu, in ba tsami sai ya kwanta lamo. Don haka a ɗakin bincike cikin ruwa mai tsami suke haɗa shi da saƙon, ya rungume shi ya dunƙule. Sai su janye tsamin. In aka yi allura ya shiga jini, jini ba shi da tsami, sai ya bi hanya salin-alin ba ya taɓa kowa. In ya isa ɗakin, ɗakin ba ya shigar da baƙo kai tsaye, sai ya haɗiye shi cikin wani ɗan zaure ya rufe, ya fara zuba masa tsami don ya narkar da shi, haka yake yi wa duk abin da ya shigo.

"To wannan tsamin da anka zuba don a kashe shi, shi ka tashe shi. Sai ya kama bangon zauren ya yaga, saƙon ya hita ya shiga cikin gida a karanta shi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, na sake cewa. Zaure a cikin ɗakin da ido bai taɓa gani ba, da tsaminsa a ajiye tun ranar da aka halicci ɗan Adam, yana jira har 'yar da na kwantar a juji ta zo ta san da zamansa. Na dubi hannuna da ke naso da mai, na ce ashe duk wannan gari guda ne nake yawo da shi ina tallar ƙuli-ƙuli. Na yi shekaru ina jin wa'azi a kan ikon Allah, amma ranar a gindin turmi na ji shi har cikin ƙashina. Na ce mata anya ba tatsuniya take yi mini ba, an taɓa yi wa mutum wannan abin ya yi aiki?

"Inna, allurar korona da nic ce kak ki amsa ta farko, ki jira ta baya ta zaka, kin tuna? Irin kitsen ga na cikinta. Ya shiga, an karanta saƙon, ya narke ya tahi."

Na dafa damtsena na hagu. Na tuna ranar, da layin da muka yi, da tsamin da hannun ya yi mini har washegari, ina ta mitar sun hana ni daka. Ashe a lokacin da nake mitar ana can ana yaga zauruka ana karatu a cikin namana, ni ko labari. Sai na tambaye ta abin da ya kamata in fara tambaya: in haka ne, me ya hana a yi wa Rabi? Fuskarta ta sauya. Ta ce ɗigon kitsen nan in an sake su a jini kusan duk hanta suke nufa, jini kuwa a ɓargo ake yin sa, can cikin ƙashi. A ƙasashen waje akwai hanyar da ake ciro ƙwayoyin ɓargon a gyara su a waje a mayar, amma aiki ne mai wahala da haɗari, sai manyan asibitoci ƙalilan, ba abin da zai zo Bodinga ba ne. Su abin da suke nema allura ce, wadda za a iya yi wa yaro a asibitin garinsu. Aikinta ke nan: ta haɗa kitse ta gwada a ɓeraye, ya tafi hanta, ta sauya shi kaɗan ta sake gwadawa.

"Za ta iske Rabi?"

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba. Ƙila ta iske ta, ƙila sai ɗiyanta."

"In kin bari, ba wasu?"

"Akwai wasu, sun ma hi ni sani. Amma ɗakin bincikenmu ni ɗai ta taɓa riƙe yaro shina wanga kuka."

Ban yanke hukuncin ranar ba. A makon aka yi haihuwa a gidan ƙanena a Shagari, na shiga mota na tafi suna, da niyyar in sami sararin tunani. Na nemi jujin nan ban same shi ba, wani tela ya gina shago a wurin, keke na ta ƙara. Tsohuwarmu da Dudu duk sun daɗe da rasuwa. A cikin gida mata sun cika, ana ta shewa, sai na hangi wata yarinya matashiya a rakuɓe gefe da ɗa a cinya, an ɗaura masa layu a wuya da ƙugu. Na matsa na kama hannunsa. Yatsun sun kumbura suntum, idon ya yi ɗorawa. Ta janye shi da sauri kamar na kama ta da sata. A bayana na ji wata tana raɗa wa wata cewa ai wabi ce, wannan na uku ke nan. Kalmar nan dai, ba ta tsufa ba, ba ta mutu ba, tana nan tana jiran 'ya'yan mutane. Na gaya wa yarinyar ta kai shi asibiti a gwada jininsa, na ce mata nononta lafiya lau yake. Ta dube ni kawai hawaye na zuba. A motar dawowa na riga na san abin da zan ce, kuma na san wanda zai biya.

Shi na fara samu. Malam na jingine da matashi, na zauna a bakin gadon na kwashe komai na gaya masa, da zoɓo, da zaure, da yaron Shagari. Na ce ina so ta koma, amma shi ne zai rasa mai juya shi, kuma ni da shi mun san ba lalle ne su sake ganawa ba. Maganarsa a lokacin sai an kasa kunne.

"Wancan karon... ba ki shawarce ni ba."

"Ga ni yanzu, Malam."

Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna ƙofa.

"Ta tahi. Ni na ci nawa. Rabi ba ta ci nata ba."

Ba wanda ya ji wannan sai ni, shi ya sa nake rubuta muku shi. Amma kada ku ɗora masa, ni na yanke, shi yafe mini ya yi. Da na faɗa a tsakar gida Tumba ta saki salati kamar an yi mutuwa. Bawa ya miƙe tsaye.

"Inna, ɓeraye kinka zaɓa bisa Baba?"

Ayashe kanta ba ta yi murna ba. Ta durƙusa a gabana tana kuka tana cewa in sake tunani. Na ce mata tun tana kwana takwas a duniya aka gaya mini riƙo aka ba ni, ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ga abin da ya biyo baya, ba zan rage muku komai ba. Malam ya rasu gero na fitar da kai. Ni na kara masa waya a kunne tana yi masa magana daga can, ban san ko ya ji ba. Kafin ta sami jirgi an daɗe da binne shi, ba ta zo ba sai bayan an share makoki. Wannan ciwon yana nan tare da ita, na sani, ko ba ta faɗa ba. Bawa ya daɗe ba ya cin tuwon ɗakina, yakan gaishe ni daga bakin ƙofa kamar baƙo, sai a hankali Rabi ta jawo shi da surutunta. Allurar kuma har yau ba ta zo ba. Rabi na nan, ta zama budurwa, in sanyi ya shigo har yanzu mukan kwana a asibiti, kuma ba na yi mata alkawarin abin da ba a yi mini ba. Bara Ayashe ta kira ni, ta ce a cikin ɓerayensu wasu ɗigon sun wuce hanta sun kai ɓargo, kaɗan ne, tafiya na da sauran nisa. Na ajiye wayar na rangaɗa guɗa a tsakar gida. Tumba ta leƙo ta tambayi wa ya haihu, na ce ɓera ne ya sami saƙo. Ta ce dama ta san ƙarshena ke nan.

Ranar da za ta koma, ni na raka ta tashar Bodinga, Bawa ya ƙi zuwa. Na ƙulla mata ƙuli-ƙuli da busasshen zoɓo a leda, na kama hannunta na sa ta a motar Sakkwato da kaina, kamar yadda na kwantar da ita da kaina a wancan karon. Sau biyu ke nan na ajiye Ayashe na bar ta, kuma duka biyun don ina son wani yaro ya rayu ne. Direba ya tayar da mota, na juya na kama hanyar gida. A Shagari tsohuwarmu na riƙe da hannuna, an ce in na waiwaya na nuna ina son ta. A tasha ba mai riƙe da ni. Na waiwaya, na tsaya a tsakiyar hanya masu babur na yi mini tsawa, ina kallon motar har ta shige, na ci gaba da kallon inda ta shige. Duk wanda ya ce muku korar ta na yi, ku tambaye shi ko yana tasha ranar.